Kujerar Sallar da Yaya Ɗahiru Ya Bari Rabi

Damina ta shida ke nan tana zuba a Kaduna babu Yaya Ɗahiru a cikinta. Shekara shida. Tun da na zauna rubuta wannan waiwaye na miƙe tsaye ya fi a ƙirga, na leƙa waje, na dawo, na sha ruwan da ba ƙishinsa nake ji ba. Dama can ni ba mai zama wuri ɗaya ba ne, ko a wajen ɗaurin aure ni ne wanda liman yake harara. Amma rashin zaman nan na bana yana da dalili, dalilin kuwa kujera ce. Kujera guda ta katako, wadda Yaya ya fara yi wa mahaifiyarmu don ta riƙa salla a kai, ya rasu bai ƙarasa ba, ni kuma da bakin nan nawa da ba ya gajiya na miƙe a gaban dangi na ce zan ƙarasa. Inna kullum ƙara tsufa take yi. Kujera kuwa tana nan a gareji, rabinta a tsaye, rabinta a cikin kaina.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Yaya Ɗahiru shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ni ne auta. Ma'aikacin gwamnati ne, mazaunin Unguwar Rimi, mutum mai shiru-shiru wanda in ya yi dogon zance sai matarsa, Anti Bilki, ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne. Ni kuwa yadi nake sayarwa a kasuwa, kuma dangi sun yi ittifaƙi cewa da aka zo rabon magana a gidanmu na kwashe kasona na haɗa da nasa.

Ya haura hamsin bai taɓa riƙe guduma ba. Ƙusa za a buga a bango a rataya agogo sai an kira mai gyara. Abin da ya jefa shi harkar katako haushi ne kawai. Ya ba wani kafinta aikin kantar littattafai, mutumin ya yi ta ce masa gobe, jibi, bayan salla, har littattafan suka fara haihuwa a cikin kwali. Wata Asabar Yaya ya fita bai ce wa kowa komai ba, ya dawo da zarto da guduma da katako biyu a saman mota. Daga nan ya samu wani dattijon kafinta a Hayin Banki, ya riƙa zuwa rumfarsa duk ƙarshen mako da tsohuwar riga, yana kallo, yana riƙe masa katako, yana share dusa. Abokan ofis suka yi ta tsokanarsa, wai ko albashi ne ya daina isa. Bai kula kowa ba.

Kujerar tsugunon da ya fara yi, ni aka kira in gwada, saboda ni ne mai nauyin gidan. Na zauna da bismilla. Wallahi ban ƙarasa bismillar ba na ji ni a ƙasa, ƙafa ɗaya ta kujerar ta yi gabas, ɗaya ta bi ta ƙarƙashin ƙofa, ina jin har yau ba a same ta ba. Yaya bai yi dariya ba, bai kuma ce min sannu ba. Tsugunawa ya yi yana duba inda ta ɓalle, ya ce, "Ba kai ba ne. Ramin da ƙafar ta shiga ne ya yi faɗi." Wannan ita ce magana mafi daɗi da wani ya taɓa faɗa game da ƙibata.

Cikin 'yan shekaru mota ta koma kwana a waje, gareji ya zama wurin aiki. Anti Bilki ta yi ƙorafi har ta gaji, ta ce dusar katako ta shiga miya, ta shiga shinkafa, ta shiga kunnen maƙwabta. Sai ranar da wata malama da suke koyarwa tare ta zo gidan, ta ga kujerar tsuguno a kicin, ta ce ita ba za ta fita ba sai da ita. Daga ranar Anti ta daina ƙorafi ta zama manaja. Ita ke ɗaukar hoto a waya, ita ke karɓar oda, ita ke faɗa da mai keke in ya karce kaya. Shi nasa aiki kawai: kujerun tsuguno, katakon yanka albasa, abin ɗora Alƙur'ani, muciya, ƙananan tebura na shan shayi. Sana'ar ba ta taɓa girma ba, shi ma bai so ta girma ba. In oda ta yi yawa sai ya ce a ba mutane haƙuri, ba gasa yake yi da kowa ba.

Yana da ƙa'idoji da ba ya takawa. Ba ya sa ƙusa a kujera, sai dai ya fere bakin wannan katako ya shiga ramin wancan har su riƙe juna. Ba ya taɓa ɗanyen katako, sai ya jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani ya sha iska shekara da shekaru. Kuma ba ya yi wa mutum kujerar zama bai auna shi ba, daga diddige zuwa bayan gwiwa. Maza shi yake auna su, mata Anti ce. Ya ce kujerar da aka yi don kowa ba ta yi wa kowa daidai.

A nan ne ya haɗu da abin da ya fi ƙarfinsa, wato Inna.

Gwiwoyin Inna sun daina yarda da sujada tun kafin Yaya ya fara wannan harka. A kan kujerar roba take salla, irin ta gidan biki, a ɗakinta da ke gidanmu na Unguwar Sarki. Yaya ya ga ƙafafunta ba sa taka ƙasa sosai, ya ga yadda take kokawa kafin ta tashi, abin ya tsaya masa a rai. To amma Inna irin matan da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tunda nake ban taɓa jin sunan Ɗahiru a bakinta ba. "Mutumin Unguwar Rimi" take cewa, kafin ya koma can kuwa "wancan" ne. In ya zo gaishe ta, a bakin ƙofa yake tsugunawa, kansa a ƙasa, ita kuma ta amsa tana kallon bango kamar bangon ne ya zo gaisuwa. Ni in na shiga ɗakin, gado nake hayewa in buɗe kwanon da ta ɓoye. Shi ko labulen bai taɓa ɗagawa gaba ɗaya ba. To ta yaya zai durƙusa ya kama diddigenta ya auna?

Sai ya aike ni. Ku dubi wannan dabara: a tura mai sayar da yadi, da tef a wuya, wurin tsohuwa. Ina shiga na ce, "Inna, miƙo ƙafa in auna." Ta dube ni, ta dubi tef, ta ce, "Auta, likkafani za ka yanka min tun ina numfashi?" Kafin in yi bayani mafici ya sauka a ƙeyata. Anti Bilki ta gwada, ita ma aka ce mata in aiki ne ya yi mata kaɗan ga wanke-wanke can.

Saboda haka Yaya ya koma awo da ido. Yana tsugune a bakin ƙofa, kai a ƙasa, kowa yana ganin ladabi, alhali mutumin lissafi yake yi: ina gwiwarta ta tsaya a jikin ƙafar gado, ina gwiwar hannunta take sauka in ta zauna. Ya je ya yi kujera mai hannuwa biyu, ya ba Anti ta kai, aka ce wa Inna wata ce ta sa a yi ba ta zo ta karɓa ba. Inna ta zauna, ta tashi, ta ce Allah ya yi albarka. Mako bai zagayo ba kujera tana gidan wata tsohuwa a bayan layinmu, Inna ta koma kan robarta. Yaya ya ce lalle ta yi tsawo. Ya yi wata, ya rage. Ita ma ta bi sahu. Ya ce to faɗi ne. Ya yi wata. Haka aka yi ta yi, har na fara ce masa duk tsohuwar da ke Unguwar Sarki a kan kuskurensa take salla, ya kamata a ba shi sarauta.

Ta ƙarshen ce ya ce daga ita ba zai sake ba, domin a wannan karon ya tabbata ya gano. Ya fito da katakon maɗaci da ya daɗe yana shanya, wanda ko ni ba ya bari in jingina da shi. Ya yanka komai, ya fere, ya jera su a gefe guda, saura haɗawa. Sai ciwo ya zo, gajere, bai ba kowa lokacin shiri ba. Allah ya karɓi abinsa.

Abin da ya faru ranar sadakar uku, in na ba da labarinsa mutane dariya suke yi, ni ma ina yi, amma ba har ciki ba. Ana tsakiyar damina, itacen da aka sayo don dafa abincin masu zaman makoki a jiƙe yake sharkaf, sai hayaƙi. Anti Bilki tana ɗaki ta shiga takaba, ba ta san abin da ake ciki ba. Matan da suka zo daga ƙauye suka tura ƙofar gareji neman abin hura wuta, suka tarar da itace a jere, busasshe, an yanka shi daidai murhu kamar an san da zuwansu. Ina waje cikin maza ana karɓar gaisuwa na ji wani ƙamshi da na sani. Na tashi da gudu, babbar riga tana harɗe ni, na tsallake tabarmi, na tsallake wani dattijo. Na tarar da tukwane manya suna tafasa, Goggo Ladi ƙanwar mahaifinmu tana tura ƙafar kujerar Inna cikin wuta da ƙafarta.

"Goggo! Me kuke ƙonawa?"

"Itace mana, Auta. Kai, ka ga itace kuwa? Ko hayaƙi babu. Allah ya jiƙan Ɗahiru, yaron nan komai nasa a tsare. Har itacen sadakarsa ya tanada."

Me zan ce mata? Ba ta yi don mugunta ba, a wurinta duk abin da ya fito daga bishiya bai zama ƙofa ba, na murhu ne. Na sa hannu na fizgo abin da zan iya. Ƙafafun baya guda biyu sun tsira don suna can ƙasa, sai hannun dama, wanda wuta ta riga ta lashi bakinsa. Sauran duk sun tafi a tuwo da miyar kuka. Waɗanda suka ci abincin ranar har yau suna cewa ba su taɓa cin tuwon makoki mai daɗinsa ba, ni kuwa ko loma ban iya kaiwa baki ba.

Haka na gaji zarto. Da Anti ta fita takaba ta miƙa min makullin gareji ta ce, "Ga shi, mai baki. Tunda ka yi alkawari a gaban mutane, sai ka koya." Na sayi maɗaci na jera yadda na ga yana yi, na ce kafin ya bushe na ƙware. Shekarun farko ina da wanda zan ɗora wa laifi, katako bai bushe ba. Yanzu ya bushe har yana amsa sallama in an ƙwanƙwasa, hannuna ne bai nuna ba. Yadi yana da haƙuri, in ka yanka ya gaza tela zai san yadda zai yi da shi. Katako kuwa in ka ci masa da yawa ya tafi ke nan, sai dai ka tsaya kuna kallon juna. Ƙafafun gaba da na yanka na lalata, da za a haɗa su wuri ɗaya za a yi wa unguwa gada.

Sana'ar dai ba ta mutu ba, sai dai ta rame. Katakon yanka albasa na iya, saboda shi ba ya buƙatar ya tsaya da ƙafafunsa. Na iya abin jingina waya, na iya muciya in mai saye ba mai yawan bincike ba ce. Anti tana nan tana ɗaukar hoto, sai dai yanzu ta ƙware wajen zaɓar gefen da ba a ganin aikina sosai. In wata ta ce tana son kujerar tsuguno irin ta da, sai Anti ta ce, "Mai yi ya rasu, wanda ya gaje shi kuma muna yi masa addu'a."

Nakan tsaya a garejin in tambayi kaina me Yaya zai ce da ya leƙo yau. Zai ga kayan ɗakin da ake kai wa amare yanzu, masu sheƙi kamar madubi, waɗanda aka yi da dusar katako da gam, ruwa yana taɓa su su kumbura kamar burodi. Na san ba zai ce komai ba, zai dai ƙwanƙwasa da yatsa ya juya. Zai ga matasa suna koyon aikin nan a waya, wani a wata ƙasa yana nuna musu yadda ake fere haɗi, kuma ina jin wannan zai burge shi, domin shi bai taɓa ganin koyo a matsayin abin kunya ba. Zai ga mata sun fara neman abin da aka yi da hannu, suna so a ƙona musu sunansu a jikin katakon yanka, abin da na tabbata zai kira shirme sannan ya zauna ya yi shi da kyau. Abin da ba na so ya gani shi ne gwangwanin ƙusoshin da na ɓoye a bayan benci. Ban sa ko ɗaya a kujerar Inna ba, Allah shi ne shaida, amma sau da yawa mun kalli juna ni da gwangwanin nan.

Da azumin bana abin da nake tsoro ya faru. Inna ta idar da salla za ta tashi, ƙafar kujerar roba ta baje a kan tayil, ta faɗi ta gefe. Allah ya tsare ba karaya, amma ƙugu ya bugu, ta yi kwanaki ba ta taka ba. Tun ranar barcina ya zama na kaza. Ina kasuwa ina auna wa mutum shadda, hankalina yana gareji. Ina gareji, hankalina yana Unguwar Sarki. Na sayo mata kujerar ƙarfe mai ƙarfi, ta ce sanyi take yi mata, ta sa jikoki suka fitar.

Sai na ɗauki tef na tafi, na ce yau ko da taɓarya za ta bi ni sai na auna. Na same ta zaune a bakin gado, ɗakin yana warin man zafi.

"Ka dawo da abin likkafanin naka?"

"Na dawo, Inna. Kuma yau ko 'yan sanda za ki kira sai dai su riƙe min bakin tef."

Ba ta ɗauki mafici ba. Ta miƙo ƙafar a hankali. Na durƙusa ina aunawa, kuma da yake bakina ba ya iya zama haka nan, na ce, "Da kin yarda tun farko, da ba a cika unguwa da kujerun da ba su yi miki daidai ba."

"Wa ya ce maka ba su yi daidai ba?"

Na ɗago kai.

"Ta farkon ce kaɗai ta ɗan yi tsawo," in ji ta. "Sauran kamar a jikina aka sassaƙa su."

"To Inna, don girman Allah, me ya sa kika rabar?"

"Kai dai ba ka da hankali tun kana goye. Ɗakin nan mata nawa ke shigowa a yini? Su ga kujera irin wannan, su ce, kai Hajiya, wa ya yi miki? In ce wa? In buɗe bakina in ce wane ne, ya iya? Ni?"

Jama'a, tef yana hannuna amma hankalina ya tafi. Yaya nake gani a gareji, yana rage tsawo kaɗan, yana ƙara faɗi kaɗan, yana neman kuskuren da babu shi. Ita kuma tana nan tana hawa roba, tana aika wa maƙwabta abin da ta fi so. Ba wanda ya yi wa wani laifi. Kowa ladabi yake yi.

Da na gama awo na ce, "Inna, waccan ta gareji, in na gama, duk wadda ta tambaya ki ce Auta ne ya yi."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai? Wa zai yarda?"

"Za su yarda. Da sun ga ƙafafun gaba za su yarda."

Ta yi dariya har ta riƙe ƙugu tana cewa in fita kada in ƙarasa ta. Na naɗe tef na kai bakin ƙofa, sai na ji ta yi magana, ba ni take kallo ba, bango take kallo.

"An ce akwai hannu ɗaya da wuta ta lasa."

"Akwai, Inna."

"Kada ka kankare baƙin. Ka bar shi yadda yake. Kuma ka daina yawo, ka je ka yi."

Daga can gareji na wuce. Na ɗora awon da na ɗauka a jikin ƙafafun bayan da Yaya ya yanka, daga ƙasa zuwa ramin da mazauni zai shiga. Daidai. Ko gashi ba zai ratsa tsakani ba. Mutumin da bai taɓa tsallake bakin ƙofar ɗakin uwarsa ba, ya san tsawon ƙafarta fiye da ni da nake kwana a gadonta har na yi gemu.

In aka tambaye ni me ya rage na Yaya Ɗahiru bayan shekara shida, ba zan nuna takardun yabo na ofis ba, ban ma san inda Anti ta ajiye su ba. Zan ce a zaga Unguwar Sarki lokacin azahar. Akwai tsofaffin da ke zaune daram suna tahiya a kan aikinsa, wasunsu ba su san sunansa ba, cewa suke kujerar da Hajiya ta ba ni. Akwai kicin a Unguwar Rimi da Hayin Banki inda ake zama a tuƙa tuwo a kan kujerun da har yau ba su yi ko ƙara ba. Bai sa suna a jikin ko ɗaya ba. Yanzu kuma wadda ya fi ba wa zuciyarsa za ta fita da sunan wani, wanin ma wanda bai iya fere haɗi ba. Na san shi. Zai ce ba komai, in dai ƙafarta ta taka ƙasa.

Ƙafar gaba ta dama ta zauna a makon jiya, na girgiza ta da duk ƙarfina ba ta motsa ba. Saura ta hagu, kuma katakon da ya rage min na ƙafa ɗaya ne tak. Na zana, na goge, na sake zanawa, na ɗauki zarto na ajiye. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan yanka, domin Inna ba ta da wata shekara shida da za ta ba ni aro.

Allah ya jiƙan Yaya Ɗahiru, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa duk sallar da aka yi a kan aikin hannunsa ya samu rabonsa a ciki. Ku kuma da kuka karanta wannan, alfarma ɗaya nake roƙo. Inna ba ta karanta jarida. In Allah ya sa kun shiga gaishe ta kun tarar da ita a kan kujerar maɗaci mai baƙi a hannun dama, ku tambaya wa ya yi, ba laifi. In ta ce Auta ne, ku ce Allah ya yi masa albarka, ku bar maganar a nan.